Yada Zango da Dawakai a Tsaunukan Mambila da Gashaka

Tambaya: Wani makaranci daga Kano, mai ingarma biyu na hawan Sallah, ya rubuto cewa shi da abokansa uku suna so su ɗauki dawakansu a mota zuwa Jihar Taraba, su yi kwana biyar suna yada zango a dazukan Mambila da Gashaka, har su kai gindin Chappal Waddi. Namun daji ne suka fi tsaya masa a rai. Yana son sanin yadda ake tsare doki da dare a irin wannan wuri, da lokacin da ya dace da tafiyar.

Amsa: Tsando ya fi damisa hatsari ga doki a wannan yanki, kuma ƙasar kashi biyu ce. Saman Mambila, inda Gembu da Nguroje suke, filin ciyawa ne mai tsayin kusan mita 1,600 daga teku. Sanyi ya hana tsando zama a can, shi ya sa Fulani suka tara shanu da dawakai. Gangare kuwa, wajen Serti da ƙauyen Gashaka, kurmi ne mai zafi da koguna, kuma nan ne gidan tsando. Cizonsa ke kawo sammore. Doki kan fara da zazzaɓi da kumburin ƙafafu, sai rama, sai mutuwa idan magani bai zo da wuri ba. Alamun ba sa bayyana sai bayan mako ɗaya ko fiye, lokacin da mai doki ya riga ya koma gida yana zaton an rabu lafiya.

Don haka gara ingarman Sallah su zauna a barga. Sun saba da rairayi da harawa a gabansu, kofatonsu bai san dutse ba. Dawakan Mambila ƙanana ne, amma sun san hawa da gangara, kuma hayarsu tare da mai su tana ba matafiyi ɗan jagora a lokaci guda.

Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, shi ne tsauni mafi tsayi a Najeriya. Yana kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Najeriya. Ba a shiga sai da izinin hedikwatarsa da ke Serti da rakiyar ma'aikacin gandu, kuma a nan ake tambayar inda aka yarda a bi da dabba. Gaisuwar ardo ko dagacin wurin da za a kwana ita ma wajibi ce, domin su suka san halin tsaro.

Disamba zuwa farkon Maris ne lokacin tafiya. Da damina koguna kan cika, hanyoyi su yi santsi. Sai dai da rani ana ƙone ciyawa, dole a tafi da guzuri. Doki mai kilo 300 yana cin busasshen abinci kusan kilo 6 a yini, ya sha ruwa lita 25 ko fiye. A riƙe masa dusa da kanwa irin waɗanda ya saba, domin sauya abinci farat ɗaya na kawo ciwon ciki. A kuma kiyaye shi daga wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu da ke cika gangaren Mambila. Yawan cinsa guba ne ga doki. Kayan da zai ɗauka, har da mahayi da sirdi, kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Tanti da tukwane sai dabbar kaya daban, mahayi mai jiki kuma ya sauka ya ja a wurin hawa.

A kan tudu ake sauka, nesa da bakin rafi, tun kafin magariba. Ƙananan ƙwarin da ke yaɗa annobar dawakai a danshi suke hayayyafa, kuma da almuru da asuba suke cizo. Da an sauke sirdi sai a duba baya ko akwai miki, a cire kaska, a tsabtace kofato. Idan gumi ya bushe a lulluɓe doki da bargo, saboda sanyin dare a saman tsauni yana kai wa ƙashi. Ana ɗaure shi da ragama a turke mai ƙarfi, a ƙara da dabaibayi, kuma ba a haɗa ingarma biyu kusa da juna.

Damisa da kura kan guji wuta da motsin mutane. Abin tsoro shi ne doki ya ji warinsu ya firgita, ya tsinke igiya cikin duhu a bakin rami. Saboda haka ake share ciyawa a kewaye kafin a hura wuta, a bar ta tana ci har asuba, matafiya kuma su raba dare, kowa da lokacin gadinsa.