CIWON ƁARIN KAI: GADO NE, AMMA YAWAN SHAN ƘWAYA NA ƘARA SHI

Uwargida, ki tsaya ki karanta, ko ki sa a karanta miki.

Idan kanki yakan sara ta gefe guda kamar ana daka a turmi, ga tashin zuciya, haske da hayaniya duk ba ki so, wannan shi ne ciwon ɓarin kai. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Yana bin jini. Tambayi innarki ko gwaggonki, da wuya ki rasa mai irinsa a dangi. Ya fi kama mata, kusan ninki 3 na maza, kuma yakan taso lokacin al'ada. Yunwa, ƙishirwa, zafin rana da rashin barci su ma suna tashe shi.

Gado ba laifinki ba ne. Abin da ke hannunki shi ne ƙwaya.

Mata da yawa a Jabo da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, da kai ya motsa sai a aiki yaro kyamis. Yau Panadol, gobe Alabukun, jibi wani kuma. Kai ya lafa da hantsi, kafin la'asar ya dawo, a sake sha. To, ki sani: farasitamol, asfirin ko ibufurofen, in ana shan su kwana 15 ko fiye a wata har wata 3, su da kansu suke haifar da ciwon kai na kullum. Masu gauraye da kafin, irin su Alabukun da Panadol Extra, da kuma tiramol da kodin, kwana 10 ma ya isa. Wadda ta gaji ciwon ɓarin kai ita ta fi saurin faɗawa wannan rami. Tiramol kam, ba maganin wannan ciwo ba ne ko kaɗan.

Ki riƙa jan layi da gawayi a bango duk ranar da kika sha magani. In layi ya kai 10 kafin wata ya mutu, ki zo ki faɗa wa malamar asibiti. Ba za a yi miki faɗa ba. In an rage ƙwaya, ciwon yakan fi tsanani mako 1 ko 2, sannan ya sauka. Mai shan tiramol ko kodin kada ta daina rana ɗaya ita kaɗai, sai da taimakonmu.

Kada ki ba yaro asfirin ko Alabukun.

KADA KI JIRA GOBE in ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, kamar sanƙarau na 2017, ko kina da ciki ya wuce wata 5 ga kumburin fuska da hannu, ido na ganin dishi-dishi. A kawo ki nan take, ko a wuce da ke Babban Asibitin Tambuwal, ko da tsakar dare ne.