Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta za ta iya faɗa mini kuɗin gini?

Tambaya: Malam, ina da fili, ina so in gina gida mai ɗaki uku. Ɗana ya ce yanzu kwamfuta kan faɗi abin da ginin zai ci, ba sai na biya masanin ƙididdigar gini ba. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Alhaji, ɗanka bai yi ƙarya ba, amma akwai sauran magana.

Abin ba sabo ba ne. A shekarun 1980, masu bincike a Jami'ar Salford da ke Ingila sun haɗa kai da ƙungiyar masu ƙididdigar gini ta ƙasar, RICS, suka ƙera manhaja mai suna ELSIE. Sun zauna da ƙwararru suna tatsar abin da ke kansu, suka mai da shi ƙa'idoji: idan bene ne, harsashi zai ci kaza, idan ƙasar wurin ba ta da ƙarfi, a ƙara kaza. Manhajar sai ta yi ta yi maka tambayoyi kamar tsohon magini, sannan ta ba ka ƙiyasin kuɗi, da tsawon lokacin aiki, da irin kwangilar da ta dace.

Ta zamani, wato ƙirƙirarriyar basira, ba a jera mata ƙa'idoji. Ana zuba mata lissafin gine-ginen da aka kammala, ita ta tsinto abin da ke tada kuɗi. To a nan gizo ke saƙa. Ingila na da cibiyar BCIS da ke tara farashin gine-gine tun shekarun 1960. Mu kuwa lissafinmu na cikin kan birkila, ko a littafin ɗan kwangila, shi kuma ba kowa yake nuna wa ba. Ga kasuwa ba ta zama wuri ɗaya: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, kusan ninkin kuɗinsa na 'yan watannin baya. Manhajar da ta koyi farashin bara za ta yi maka lissafin bara, kuma ko gezau ba za ta yi ba.

Inda take da amfani shi ne ƙirga kaya. In ka ba ta awon ɗakuna, za ta fitar maka da adadin bulo, rodi da kwanon rufi, ka san in ana shirin yi maka aringizo. Kuɗin tifar yashi da ladan lebura kuwa, a unguwarku za ka jiyo su. Harsashi kuma kada a haƙa shi sai injiniya ya taka filin da ƙafarsa.