Ƙa'idojin Awo Wajen Ƙiyasta Darajar Gida

Duk lokacin da banki zai karɓi gida a matsayin jingina, abu na farko da mai ƙiyasta daraja yake tabbatarwa shi ne girman ginin, domin a kan wannan adadi ake ɗora sauran lissafi. Sai dai kuma adadin ba ya da amfani muddin ba a san ƙa'idar da aka bi wajen awon ba.

Alal misali, gida mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 30 yana da murabba'in ƙafa 1,200. Idan mai awo ya ƙara ƙafa ɗaya kacal a tsawo da kuma faɗi, adadin zai koma 1,271, watau ƙarin kusan kashi 6 cikin 100. In ana sayar da murabba'in ƙafa a kan dala 200, wannan ɗan kuskure ya ɗora dala 14,200 a kan farashi, kuma mai saye da bankin da ya ba da rance su ne za su ɗauki asarar.

Don magance irin wannan saɓani ne aka fito da ƙa'idar ANSI Z765 a Amurka cikin 1996. Daga ranar 1 ga Afrilu, 2022, kamfanin Fannie Mae, wanda yake sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna, ya wajabta wa masu ƙiyasi bin ta.

Bisa wannan ƙa'ida, gidan da yake tsaye shi kaɗai ana auna shi ne daga bayan bango, har zuwa inci ɗaya ko kashi ɗaya bisa goma na ƙafa. Ba a lissafa ɗaki sai tsayinsa daga daɓe zuwa silin ya kai ƙafa 7. Inda silin ya karkata kuwa, dole ne aƙalla rabin ɗakin ya kai wannan tsayi, sannan a zubar da duk wurin da bai kai ƙafa 5 ba. Har ila yau, gareji ba ya shiga lissafi, kuma benen da wani sashensa yake ƙarƙashin ƙasa akan rubuta shi daban, komai kyan ginin.

A Nijeriya, hukumar ESVARBON, wadda aka kafa da doka ta 24 ta 1975, ita ce take rajistar masu wannan sana'a. Amma a kasuwa har yanzu ana ciniki da kalmar "fuloti", alhali fuloti mai ƙafa 50 da 100 kimanin murabba'in mita 465 ne, mai ƙafa 100 da 100 kuma 929.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa, kafin ya sa hannu a kan rahoton ƙiyasi, ya tabbatar an bayyana ma'aunin da aka yi amfani da shi, da ko daga ciki aka auna ko daga waje, da kuma sassan ginin da aka cire daga lissafi.