Kafin Ka Hau Duwatsun Wasu

Ɗana,

Mahaifiyarka ta gaya mini kai da abokanka kuna shirin zuwa Natitingu ta Jamhuriyar Benin, ku tashi Juma'a ku dawo Lahadi. Na yi murna. Yaron da ya girma a gindin duwatsun Zuru ya kamata ya ga yadda wasu suka zauna da nasu duwatsun. Sai dai ina so ka saurare ni kafin ka ɗaura kaya.

Fara da lissafin hanya. Daga nan Zuru sai Mahuta, sai Koko, ka ratsa ƙasar Bagudo ka haye kogin Kwara, ka kai iyaka a Tsamiya, ka shiga Segbana, sannan Kandi. Daga Kandi ka gangara kudu wajen Paraku, ka juya yamma zuwa Jugu, kafin duwatsun Atakora su bayyana gabanka. Wannan tafiyar yini ce cur, idan mota ba ta ba da matsala ba kuma ba a riƙe ku a shingaye ba. Zuwa yini, dawowa yini: me ya rage maka? Ku ƙara kwana biyu a kai, ko ku jira hutu. Sauri kan haifi nawa.

Direba zai iya ce muku akwai yanke ta arewa. Kada ku yarda. Dazuzzukan arewacin Benin ba kamar da suke ba. A 2019 an sace Faransawa biyu a gandun dajin Panjari, aka kashe ɗan ƙasar da ke yi musu jagora, kuma a shekarun baya-bayan nan sojojin ƙasar sun yi ta rasa mutane a yankin. Mu da muka ga abin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan'uwanmu a Danko-Wasagu da Sakaba ba sai an koya mana tsoron daji ba. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar da za ku tashi, kada magariba ta riske ku a kan titi, kuma duk garin da kuka sauka ka kira gida.

Takardunka su cika: fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Ka canji sefa tun a iyaka, ka raba ta aljihu biyu. Faransanci ne harshen hukuma a can, amma ba za ka rasa mai jin Hausa a kasuwa ko a zango ba. Kada ka yi mamaki. Jugu tsohon masaukin fatake ne. Ta can ayarin Hausawa ke bi zuwa Gwanja su ɗauko goro a Salaga. Sawun kakanni za ka taka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato yadda za ka shiga cikin mutane. A ƙauyukan da ke wajen Bukumbe za ka ga gidajen Otamari, waɗanda ake kira tata: ginin ƙasa mai hawa biyu, dabbobi a ƙasa, ɗakunan kwana da rumbuna a sama, ƙofar shiga ƙarama. Sun yi su ne don kare kai daga mahara, dalilin da ya sa kakannin Lelna, mutanen Zuru, suka riƙe kan tsaunuka a nan ƙasarmu. UNESCO ta sa irin waɗannan gidaje na ɓangaren Togo cikin kayan tarihin duniya a 2004, ta haɗa da na Benin a 2023. Duk da haka, ga mai shi, gida ne: nan matarsa ke girki, nan ya ajiye dawarsa.

Saboda haka ka yi sallama, ka nemi mai gida, ka gaisa da kyau tun wayarka na aljihu. A bakin ƙofa za ka ga 'yan tulluwar ƙasa, wasu da gashin kaza a jiki. Wurin ibadarsu ne. Kada ka taka, kada ka zauna a kai, kada ka yi dariya. Addininka daban, ka riƙe shi. Amma ka san yadda ranka zai ɓaci idan baƙo ya je wurin ibada na Girmace a nan Zuru yana jifan kadoji, ko ya shigo filin bikin Uhola yana nuna dattawa da yatsa. Tsohuwa ba abar ɗaukar hoto ba ce sai ta yarda. Idan aka miƙo maka ƙwaryar cukutu, burkutu ce. Ka yi godiya, ka nemi ruwa, ba tare da yamutsa fuska ba.

Ka ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ka biya shi haƙƙinsa ba da jayayya ba, domin baƙo makaho ne ko da idonsa. Shi zai kai ku magangarar ruwa ta Kota, ya nuna muku inda dutse ke da santsi. Ka roƙe shi ya ba ka labarin Kaba, wanda ya yi wa Faransawa turjiya a cikin waɗannan duwatsu a 1916 da 1917. Mutanen da suka yi wannan sun cancanci a zo musu da ladabi.

A can ba sunanka za a riƙe ba. Cewa za a yi wasu 'yan Najeriya sun zo. Ku bar wa wanda zai zo bayanku ƙofa a buɗe. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Kawunka.