Hukuncin barin tabarau a koma gilashin cikin ido

Tambayar nan ta yawaita a akwatin saƙona, mafi yawa daga matasa da amare: Malam, ya halatta in ajiye tabarau in koma wa ɗan siririn gilashin nan da ake manna wa a ƙwayar ido, wanda 'yan boko ke kira kontak lens? Ya alwalata da azumina?

Asalinsa halas ne. Neman gyaran gani magani ne, kamar tabarau ɗin kansa. Mai gilashin da ke zame masa a sujada, ko mai niƙabin da numfashi ke turnuƙe mata shi, uzurinsu a fili yake.

Alwala da wankan janaba duk sun inganta ba tare da an cire shi ba, domin cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa. Na san wani ɗalibi zai ce ai a Muwaɗɗa an ruwaito Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, yana yayyafa ruwa a idanunsa in zai yi wankan janaba. Haka ne. Amma ijtihadinsa ne, Imamu Malik da jumhurin malamai ba su wajabta hakan ba.

Azumi ma saka shi ba ya karya shi. Inda ake magana shi ne maganin ɗigawa. A wurinmu Malikiyya, in ya kai maƙogwaro sai a rama. Majalisar Fiƙihu ta Duniya kuwa, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan ba ya karyawa muddin ba a haɗiye abin da ya gangaro ba. Wanda zai iya jinkirtawa zuwa bayan buɗa-baki ya fita daga saɓani.

To, ga inda nake so mu tsaya, 'yan uwa. Gilashin bai ɓata alwala, amma ruwan alwalar yana iya ɓata idon. Likitocin ido sun hana ruwa ya taɓa shi, ko na famfo ne, saboda wata ƙwayar cuta mai suna akantamiba da ke rayuwa a ruwa da ƙasa. Ta maƙale tsakanin gilashin da baƙin ido, sai gyambo mai wuyar magani, wani lokaci har makanta. Mu dubi kanmu a nan Damaga, har Maradun da Mafara da Bakura: da wane ruwa muke tsarki? Rijiya, randa, butar masallaci da kowa ke ɗauka. Manomin shinkafa a Bakolori kuwa ruwan kwalbati ne gabansa. Sau biyar a yini fa! Ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayi lokacin sussuka. Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa, kuma ido amana ne.

Don haka abin da nake ba da shawara: wanda aikinsa na gona ne ko kasuwa, ya riƙe tabaransa. Wanda ya zaɓi sauyawa, likita ya auna shi tukuna, ko da sai ya je Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ya runtse ido sosai in zai wanke fuska, ya cire kafin wanka, kada ya kwana da shi, kada ya wanke shi da komai sai ruwan maganinsa. Ido ya yi ja ko zafi, a cire, a nufi asibiti. Kuma kada a jefar da tsohon tabarau.

Saura mai launi na kwalliya. Mace ta saka wa mijinta a ɗakinta, malamai da yawa ba su ga laifi ba in babu cutarwa. Amma a rufe wa mai neman aure ainihin kamanni da shi, wannan algus ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus kamar yadda Muslim ya ruwaito. Masu yi wa amare kwalliya da ke cire guda daga idon wannan su saka wa waccan, ku ji tsoron Allah, cuta kuke rabawa.

Wallahu a'alam.