Kafin ka taɓa notin ma'aunin nisa

Tsofaffin kyamarorin fim sun dawo hannun matasa a nan Greensboro. Ɗaliban UNCG da na A&T suna saye, masu koyon hoto a kwalejin Randolph da ke Asheboro suna saye, har 'yan uwanmu na Nijar da Najeriya mazauna garin kan tsinto su a gwanjo. Akasarin kyamarorin da ke zuwa teburin gyarana masu ma'aunin nisa ne: Canonet QL17, Yashica Electro 35 da ta fito a 1966, Argus C3 da aka yi ta ƙerawa a Ann Arbor daga 1939 zuwa 1966, jefi-jefi kuma Leica M3 ta 1954. Kukan masu su ɗaya ne: an wanke fim, fuska ta fito dishi-dishi, bangon baya kuwa tar.

Irin wannan kyamara ba ta cikin lensi kake leƙe ba. Tagogi biyu gare ta a goshi. Ɗaya tana nuna maka abin da ke gabanka, ɗayar tana kawo hoto na biyu ta wani ɗan madubi mai juyawa, sai wani gilashi mai siririn shafe ya ɗora su a ɗan fili guda a tsakiya. Idan ka murza lensi, gindinsa yana tura wani ɗan hannu, hannun ya karkata madubin. Hotuna biyu suka hau juna, ka sami nisa. Tazarar tagogin a M3 milimita 68.5 ce kacal, don haka gocewar da ido ba zai gani ba ta isa ta ɓata aiki. Lensi mai milimita 50 a buɗe a f/2, mutum yana tsaye a mita 1, wurin da zai fito tas bai wuce santimita 5 ba.

Gwajin farko ba ya buƙatar sukudireba. Murza lensi zuwa ƙarshen nisa, ka auna wata da dare, ko ginin Jefferson Standard na titin Elm daga can nesa da tsakiyar gari. Idan hotunan sun goce hagu ko dama, awon nisa ya tafi. Idan ɗaya ya ɗara ɗaya sama ko ƙasa, awon yana nan, ido ne kawai zai sha wahala. Noti daban ke gyara kowanne, kuma nan ne mutane ke shiga uku, su murza na sama don ciwon gefe. A Leica M6 ma hanyar notin sama tana ɓoye ƙarƙashin jan tambarin nan na gaba.

Gwaji na biyu shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. A kafa kyamara a kan ƙafa uku, a buɗe bayanta, a sa gilashi mai hazo daidai inda fim ke kwanciya, a auna mita 1 da tef daga nan zuwa takarda mai rubutu. Dole abu uku su yarda da juna: lambar jikin lensi, ɗan filin tsakiya, da abin da ya bayyana a gilashin. Sau da yawa a nan nake gano kyamarar lafiyarta ƙalau, lensin ne mai laifi. Lensin Jupiter na Tarayyar Sobiyat yana ɗauruwa a jikin tsohuwar Leica mai zare sumul, amma awon da aka gina shi a kai ya ɗan bambanta, sai ya goce a kusa. Wanda ya gyara kyamararsa don ta bi wannan lensi ya ɓata ta ga sauran lensunansa duka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gilashin nan mai shafe. Mutum ya buɗe saman kyamara, ya ga ya yi hazo, ya ɗauko auduga da sifirit. Shafen nan kamar kwalli yake a ido, goga ɗaya ya tafi, hoto na biyu ya bi shi, sai an farke wata kyamarar an ciro nata. Iska daga 'yar robar busawa ita ce iyakar abin da na yarda mai kyamara ya yi masa. WD-40 kuwa ko kusa, malala yake har kan madubi. Notunan ma ƙanana ne, masana'anta ta ɗiga musu fenti don kada su motsa, kuma na kyamarorin Japan ba sa jituwa da sukudireban Phillips, kan noti yake cinyewa.

Laimar Yuli da Agusta a garin nan tana haifar da fumfuna, zafin cikin mota yana narkar da tsohon giris ya hau gilashi. Fitar da kyamara daga tsohon gidanta na fata, ka ajiye inda iska ke ratsawa. Mai kai ta Kano ko Maradi lokacin hunturu ya sa ta a jaka mai zif, ya riƙe ta a hannu cikin jirgi, don jifar da ake yi wa akwati ta isa ta gusar da madubin. In za ka kawo gyara, haɗo da lensin da kake aiki da shi da fim ɗin da ya ɓaci.