Darasi na Tara: Yadda Ƙungiyarmu Za Ta Mallaki Waya da Sola Ba Tare da Ta Karya Asusu Ba

Manufar darasi: mu san hanyoyi uku na samun kayan zamani da sauƙi, wato rangwame, kyauta da tallafi, mu kuma iya lissafa abin da kowace hanya za ta ci mana kafin mu ce mun yarda.

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi. Abin da za a kawo: littafin ƙungiya, biro, da ƙwayar masara ko tsakuwa don lissafi.

Abin da ya faru da wata ƙungiya

Iyayena mata da 'yan'uwana, bari in fara da abin da na gani da idona. A shekarata ta biyu da fara wannan aiki, akwai wata ƙungiya da nake zuwa duk ranar Talata a wani ƙauye da ke kan hanyar Batagarawa. Wani bawan Allah ɗan garin da ke aiki a birni ya kawo musu babbar waya kyauta. Ranar an yi guɗa, ni ma na taya su murna. Ba mu tambayi komai ba.

Aka sa layin mijin sakatariya a ciki, don shi ne yake da layi a kusa. Wata uku ana turo kuɗin zubi ta wannan layin daga mambobin da suka tafi ci-rani tare da mazajensu. Sai saɓani ya shiga gidan, sakatariya ta yi yaji. Waya tana hannunta, layi da lambar sirri suna hannun miji. Sai da mai unguwa ya sa baki kafin kuɗin mata ya dawo, rabon ƙarshen shekara kuwa ya yi jinkirin sati shida, daidai lokacin da kowa ke jiran kuɗin taki.

Laifin ba na wanda ya ba da kyauta ba ne. Nawa ne, domin ni ce ya kamata in ce a dakata a yi magana tukuna. Shi ya sa na rubuta wannan darasi.

Mataki na farko: mece ce matsalar?

Tsarin asusun da muke bi a Maraɗi aka fara shi, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta kafa Mata Masu Dubara. Akwati ne da makulli uku da haddar kai, ba waya ba kwamfuta, kuma ya yi aiki har ya bazu ƙasashe da yawa. Kun ga ke nan ba na'ura ce ke riƙe ƙungiya ba, amana ce.

Don haka kafin a ce “muna son waya”, a fara cewa “ga abin da ke damunmu”. Littafi ne ruwa ke jiƙawa da damina? Ɗaukar hoton kowane shafi bayan taro ya wadatar. Kai kuɗi banki ne ke da haɗari a hanya? To ƙaramar waya mai madanni ma tana tura kuɗi da lambobin banki, ba sai da data ba. Duhu ne ke hana lissafi in taro ya kai magariba? Fitilar sola mai wurin cajin waya ta fi muku babbar waya amfani. Wadda ta tuna wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ta san amfanin ƙungiya ta iya karɓar kuɗi ta waya.

Ƙofa ta farko: rangwame

Rangwame shi ne a rage miki farashi, amma dai da kuɗinki za ki saya. Hanya mafi sauƙi ita ce sayen taro. Idan ƙungiyoyi huɗu na gunduma ɗaya suka haɗu suka nemi fitilar sola ashirin a wurin dila ɗaya a babbar kasuwar Katsina, farashin ba zai zama ɗaya da na mai sayen guda ba. A tura mutum biyu, a taya a shaguna uku, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da tsawon garanti.

Akwai kuma biya kaɗan-kaɗan, wanda kamfanonin sola da na waya suke yi yanzu. Yana da sauƙin shiga, amma ba rangwame ba ne. Ga misali, lambobin na koyo ne kawai: waya kuɗi hannu naira 60,000. A biya kaɗan-kaɗan kuwa za a ba da 15,000 kafin alƙalami, sannan 1,200 duk sati har sati 52. Wannan 62,400 ne, a haɗa da 15,000 ya zama 77,400. An ƙara 17,400 ke nan. Sannan galibin irin waɗannan kayan suna kulle kansu ranar da aka makara da biya. A tambaya tun farko: jimilla nawa, kuma me zai faru in mun yi fashin sati biyu?

Araha ba ta ado. Wayar hannu ta biyu, a gwada batir, a gwada caji, a tabbatar an san mai ita, kada a sayo wa ƙungiya kayan sata.

Ƙofa ta biyu: kyauta

Kyauta kan zo daga 'yan gari mazauna birni, ƙungiyar ci gaban gari, ɗan siyasa, ko ofishin da ya sauya tsofaffin kwamfutocinsa. A karɓa da godiya, amma a yi tambaya huɗu:

1. Tana aiki, kuma da cajarta?
2. In ta lalace, akwai mai gyara a kusa, ko sai an je Kano?
3. Akwai wani sharaɗi a bayanta? In ana so a ba da sunaye da lambobin katin zaɓen mambobi, a ce an gode, a bar ta.
4. Da me za mu ciyar da ita?

Ta huɗun nan ita ce ake mantawa. Waya kamar akuya ce, ko kyauta aka ba ki sai kin nemo mata dusa. Tana cin kati, tana cin data, tana cin kuɗin caji. Ƙungiya mai mutum 25, in kowa ta sa naira 50 a sati, an sami 1,250, a wata 5,000 ke nan. A ware wannan a jaka daban, kada a taɓa asusun taimakon juna da aka tanada don rashin lafiya da haihuwa da rasuwa.

Za ku ji ana cewa manyan kamfanoni irin su Google da Microsoft suna ba ƙungiyoyin sa-kai manhajoji kyauta ko da rangwame, kuma akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna TechSoup da ke haɗa irin wannan. Gaskiya ne, amma sai ƙungiyar da ke da cikakkiyar rajista, irin ta hukumar CAC, kuma manhaja ce ta kwamfuta, ba waya ake rabawa ba. Wannan aikin uwar ƙungiyar da ke kula da mu ne. Mu a ƙauye, WhatsApp da kyamarar waya da kalkuleta sun ishe mu, kuma ba a sayen su.

Ƙofa ta uku: tallafi

Tallafi kuɗi ne ko kaya da ake bayarwa don wani aiki takamaimai, kuma ana dawowa a tambayi yadda aka yi da shi. Yakan fito daga shirye-shiryen gwamnati, ma'aikatar harkokin mata, ko ƙungiyoyin agaji. Abin da na lura shi ne, ba wadda ta fi talauci ake zaɓa ba, wadda takardunta suka cika ake zaɓa. Ku tanadi waɗannan tun ba a nema ba:

- takardar rajista, ta sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko ta ƙungiyoyin gama-kai ta jiha
- dokokin ƙungiya a rubuce, da sa hannu ko dangwalen kowa
- jerin mambobi da shugabanni
- littafin zubi da na bashi na aƙalla zagaye ɗaya, ba goge-goge
- asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ba a cire kuɗi sai da hannu biyu ko uku

Wasiƙar nema kada ta wuce shafi ɗaya: su wane ne mu, mu nawa, me ke damunmu, me muke nema, nawa ne kuɗinsa, kuma me mu za mu sa daga aljihunmu. Ƙungiyar da ta ce “mun tara kashi ɗaya cikin uku” ta fi samun kunne.

Hattara da 'yan damfara

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum kafin tallafi ya fito, ɓarawo ne. Duk wanda ya bugo ya ce daga banki yake, a faɗa masa lambar sirri, ko lambar da aka turo ta saƙo, ko BVN, a kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri. In saƙon tallafi ya shigo ta WhatsApp, kada a danna, a nuna mini ko a je ofishin da aka ambata a tambaya ido da ido. In matsalar ta kamfanin layi ce kuma sun ƙi saurare, hukumar NCC tana da lambar ƙorafi 622, kyauta ce.

Dokar kayan ƙungiya

Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, ma'ana layi yana da mai shi a hukumance. Don haka a sayi sabon layi da sunan mamba wadda taro ya zaɓa, ba miji ba, ba ɗa ba, a rubuta a littafi cewa na ƙungiya ne, da shaidu. Mai riƙe waya daban, mai sanin lambar sirri daban, kamar dai makullan akwatinmu. A karanta saƙonnin kuɗi a bainar jama'a duk taro. Littafin takarda kuma yana nan daram, waya mataimakiya ce kawai.

Aikin yau

Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya faɗi matsala ɗaya da na'ura za ta magance, ya zaɓi ƙofar da ta dace, ya lissafa da ƙwayar masara abin da za a kashe wajen saye da na ciyarwa na shekara guda. Sannan a dawo a jefa ƙuri'a.

Ƙungiyar da na ba ku labarinta har yanzu tana amfani da wayar nan. Layi ne kawai aka sauya, aka rubuta doka. Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, sakatariya ta zo da takardun ƙungiya duka, mu duba abin da babu.